Tagwayen sinadarai: Yadda bambancin dama da hagu ke raba magani da guba

A ce wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ya yi odar takalma kwali hamsin, kaya suka iso, ya buɗe kwalin farko ya tarar duka na ƙafar hagu ne. Ya buɗe na biyu, haka. Har na hamsin. In ya ɗaga waya ya yi ƙorafi, wanda ya turo kayan yana iya rantsuwa cewa bai tauye masa komai ba: fatar ita ce, ɗinkin shi ne, lambar ita ce, ko a sikeli aka ɗora nauyin bai ragu ba. Duk gaskiya ya faɗa. Amma kayan ba za su sayu ba, domin ƙafar dama ba ta shiga takalmin hagu komai yadda aka juya shi.

Irin wannan matsala tana nan a cikin ƙwayar maganin da muke haɗiya, da man da ake soya mana ƙosai da shi, da ɗanɗanon da ke cikin miya. Sai dai a can ido ba ya ganin ta, sikeli ma ba ya kama ta. Masana ilimin sinadarai sun shafe fiye da shekara 170 suna nazarin ta, kuma a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ta shiga labarin wani bala'i da ya nakasa jarirai sama da dubu goma.

Rami da mari

Duk wani abu da muke taɓawa, ruwa ne ko sukari ko mai, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Zarra iri-iri ce: akwai ta kabon, wadda ita ce ta cika gawayi, akwai ta haidurojin, da ta oksijin, da ta naitirojin, da sauransu. Idan zarra biyu ko fiye suka ƙullu da juna sai su zama dunƙule guda, shi ne masana ke kira molakul. Molakul ɗin ruwa, alal misali, haidurojin biyu ne da oksijin ɗaya.

Da farko an zaci in an san irin zarrar da ke cikin abu da adadinta, to an gama sanin sa. Ba a daɗe ba aka gane akwai sauran aiki. Kalmar “rami” da kalmar “mari” haruffansu huɗu ne, iri ɗaya, amma wanda ya faɗa rami da wanda ya sha mari ba labari ɗaya za su bayar ba. Jerin haruffan ne ya bambanta. Haka sinadarai suke. Sinadarin da ke sa maye a barasa, wanda kuma ake zubawa a ruwan goge hannu na kashe ƙwayoyin cuta, yana da kabon biyu, haidurojin shida, oksijin ɗaya. Akwai wani mai wannan lissafi daidai, amma shi iskar gas ce, saboda oksijin ɗinsa a tsakanin kabon biyun yake zaune maimakon a gefe. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ne ya raɗa wa irin waɗannan suna “aisoma” a 1830.

Wannan bai da wuyar ganewa. Wanda ya fi ɗaure kai shi ne nau'i na biyu, da ake kira “sitiriyo-aisoma”. A nan zarra iri ɗaya ce, adadi ɗaya, jeri ma ɗaya, kowace tana riƙe da maƙwabciyar da takwararta ke riƙe da ita. Abin da ya raba su kawai shi ne inda kowace zarra ta fuskanta a sarari. Mai karatu ya dubi hannuwansa. Yatsu biyar ne a kowanne, jerinsu ɗaya. In ya haɗa tafi da tafi za su dace, kamar mutum da hotonsa a madubi. In kuwa ya ɗora tafin ɗaya a bayan ɗaya, babban yatsan wannan zai kalli gabas, na wancan ya kalli yamma.

Ana iya gwada yadda haka ke faruwa a molakul a cikin gida. Zarrar kabon hannu huɗu gare ta, wato tana riƙe abu huɗu a lokaci guda, kuma hannuwan ba a shimfiɗe suke kamar zane a takarda ba. Uku suna ƙasa a buɗe kamar duwatsun murhu, na huɗu yana kallon sama. A samu lemon tsami a soka masa tsinke huɗu a haka. A tsinken sama a tsira dabino, a na ƙasa uku a tsira goro da attaruhu da tafarnuwa, ta yadda in an leƙo daga sama za a ga suna bin juna yadda hannun agogo ke tafiya. Sai a sake haɗa wani lemon, dabino a sama, amma a wannan karon a musanya gurbin attaruhu da na tafarnuwa. To, ko kwana za a yi ana juya na biyun, ba zai taɓa zama daidai da na farko ba. In dabino da goro suka dace, attaruhu da tafarnuwa za su saɓa. Amma a tsayar da na farkon a gaban madubi, hoton da zai bayyana shi ne na biyun sak.

Sharaɗin shi ne abubuwa huɗun nan su bambanta da juna. In aka cire tafarnuwa aka sa goro na biyu, shi ke nan, lemukan biyu sun zama ɗaya. Molakul biyu da ke da irin wannan dangantaka mu kira su tagwayen madubi. Nauyinsu ɗaya, launinsu ɗaya, a zafi ɗaya suke narkewa, a zafi ɗaya suke tafasa, shi ya sa raba su ke da wuya ƙwarai. Don a tantance Hassan da Hussaini, masana suna sa wa ɗaya harafin R, ɗayan harafin S, daga kalmomin Latin masu nufin dama da hagu. A fannin sukari da sinadaran gina jiki kuma an fi amfani da tsohon tsari na D da L.

Kowace zarrar kabon mai wannan hali tana ninka yawan siffofin da molakul zai iya ɗauka. Mai guda ɗaya siffa biyu, mai biyu har huɗu, mai uku har takwas. Kolestarol, sinadarin nan da likitoci ke aunawa a jini, yana da irin wannan kabon guda takwas, wato a lissafi siffa 256. Guda ɗaya tak jikin ɗan Adam yake ƙerawa.

Saurayin da ya tsince gishiri da hantsaki

Tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, in tagwayen sun yi kama har haka, ta yaya aka san da su tun kafin a ƙera na'urar da ke iya hango molakul? Haske ne ya tona asirin. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa kamar igiyar da aka girgiza, sama da ƙasa, dama da hagu, ta ko'ina. Akwai gilashi na musamman, irin wanda ke jikin wasu tabarau na rana, da ke tace shi ya bar mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai. A 1815 wani masani Bafaranshe, Jean-Baptiste Biot, ya lura cewa in irin wannan tataccen haske ya ratsa ruwan sukari da wasu sinadarai da ake samu daga tsirrai, fuskar tasa tana karkacewa, wani ya karkata shi dama, wani hagu. Har gobe da na'urar da aka gina a kan wannan ake auna tsarkin ɗanyen sukari a kasuwar duniya kafin a yanke masa farashi. Wanda ya taɓa jinya a asibiti kuma ya ga ledar ƙarin ruwa an rubuta Dextrose a jikinta. Sukarin gulukos ne, sunan kuwa daga kalmar Latin mai nufin dama aka samo shi, saboda dama yake karkata haske.

Akwai wani sinadari mai tsami da ke daskarewa a jikin gangunan giyar inabi a Turai. Mu nan mun san ɗanɗanonsa sarai, domin shi ne ke ba tsamiya tsaminta. Ruwansa yana karkata haske zuwa dama. Sai ga wata masana'anta a gabashin Faransa ta samu wani nau'insa da duk awon da aka yi ya nuna shi ne, amma ko kaɗan ba ya karkata haske. Abin ya tsaya wa manyan masana a rai shekara da shekaru. A 1848 Louis Pasteur, yana saurayi ɗan shekara 25 a birnin Paris, ya haɗa gishirin wannan nau'i na biyu, ya bar ruwan ya ƙafe har gishirin ya fito ƙwaya-ƙwaya, ya sa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sai ya ga ƙwayoyin kashi biyu ne. Wasu suna da ɗan shafaffen gefe ta dama, wasu ta hagu. Ya ɗauki hantsaki irin na cire ƙaya ya zauna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsibi biyu. Da ya narkar da tsibin farko, ruwan ya karkata haske dama. Na biyu ya karkata shi hagu, daidai gwargwadon na farko. Ashe tagwaye ne a gauraye rabi da rabi, kowanne yana soke aikin ɗan'uwansa.

Biot, wanda a lokacin dattijo ne mai shekara 74, bai yarda ba sai da ya sa saurayin ya maimaita aikin a gabansa da kayan da shi ya kawo. Pasteur ya kuma taki sa'a, don daga baya aka gano cewa gishirin nan ba ya rabuwa gida biyu sai in zafin ɗaki bai wuce kimanin digiri 26 ba. Da a Kano ya yi gwajin cikin watan Afrilu, da babu abin da zai tsinta. Kimanin shekara goma bayan haka ya sake ganin wani abin mamaki: da ya bar fumfuna ta tsiro a kan gaurayen, sai ta cinye na dama ta bar na hagu. Wannan ita ce alama ta farko cewa abu mai rai yana bambance tagwayen.

Bayanin dalili bai zo ba sai 1874, lokacin da Jacobus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan mai shekara 22, da Joseph Le Bel na Faransa, kowanne a nasa ɓangare, suka kawo siffar nan ta duwatsun murhu uku da tsinke a sama. Wani babban farfesa a Jamus, Hermann Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce, ya ce mafarki ne, har yana goranta masa cewa a makarantar likitan dabbobi yake koyarwa. A 1901 da aka fara ba da kyautar Nobel a fannin sinadarai, van 't Hoff aka fara ba, ko da yake a kan wani aikinsa ne na dabam.

Jiki ba ya karɓa da kowane hannu

Abin da fumfunar Pasteur ta yi shi jikinmu ke yi kullum. Tsoka da fata da jini an gina su da wasu tubala iri 20 da ake kira amino asid. Guda 19 daga cikinsu suna da tagwayen madubi, amma nau'in L kaɗai jiki ke gini da shi. Sukarin da yake ƙonawa ya samu ƙarfi kuma nau'in D ne. Dalilin da ya sa rayuwa a doron ƙasa ta tsaya a kan hannu ɗaya tambaya ce da masana ke ta muhawara a kanta. Sakamakon dai a bayyane yake: tunda tubalan masu hannu ne, duk wani gurbi da ke karɓar abinci ko ƙamshi ko magani a jiki shi ma mai hannu ne. Kamar musabaha ce. Ka miƙa dama a miƙo maka dama, tafi ya shige tafi. A miƙo maka hagu, ka rasa ta inda za ka kama.

Hanci da harshe sun isa shaida. Ƙamshin na'a-na'ar da ake jefawa a shayi daga wani sinadari yake mai suna carvone. Tagwayensa na madubi ƙamshinsa dabam ne, shi ne na wani iri da Turawa ke barbaɗawa a burodi, kuma babu mai shaƙar su ya ce abu ɗaya ne. Farin magi, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano sirrinsa a 1908, nau'in L ne na sinadarin gulutamet, wanda kuma shi ne ke sa daddawa ta gyara miya. Nau'in D ba ya ba da wannan ɗanɗano. Gulukos na L kuwa yana da zaƙi a baki, amma jiki ba ya iya ƙona shi. Da ya yi wa masu ciwon sukari rana, sai dai haɗa shi na da tsada.

A nan matsalar masana'anta take. Tsiro ko dabba hannu ɗaya suke ƙerawa. Amma in masani ya haɗa sinadari a tukunyar masana'anta ta hanyar da aka saba, tagwayen ne ke fitowa tare, rabi da rabi. Shekaru da dama haka ake dunƙula su cikin ƙwayar magani a sayar, babu mai tambayar abin da rabi na biyun yake yi a jiki.

Maganin laulayin da ya zama bala'i

A watan Oktoba na 1957 kamfanin Chemie Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fitar da wani maganin barci da kwantar da hankali mai suna thalidomide, da sunan kasuwa Contergan. Ana sayar da shi ba tare da takardar likita ba, ana tallar sa a matsayin wanda ba ya cutarwa. Da aka ga yana rage tashin zuciya da aman laulayi, sai mata masu juna biyu suka rungume shi. Ya bazu zuwa ƙasashe 46, ciki har da Birtaniya, inda aka sayar da shi da sunan Distaval.

Ba a jima ba asibitoci suka fara karɓar jarirai da wata irin nakasa da likita kan yi ritaya bai taɓa cin karo da ita ba. Wasu tafin hannunsu a manne da kafaɗa, wasu babu ƙafa, wasu babu kunne, wasu da lahani a zuciya ko a hanji. Ƙwaya ɗaya na iya yin wannan ɓarna in aka sha ta tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da cikin ba. A 1961 likitoci biyu, Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya, suka danganta nakasar da maganin, aka janye shi daga kasuwar Jamus a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar. Kafin nan an haifi jarirai sama da 10,000 da wannan lahani, da yawa ba su rayu ba, ban da ɓarin da ba a ƙirga ba. Sai a 2012 kamfanin ya fito ya nemi afuwa.

Amurka ta tsira daga mafi yawan abin saboda taurin kan wata ma'aikaciyar gwamnati. Frances Kelsey, haifaffiyar Kanada, ba ta daɗe da kama aiki a hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ba a 1960, aka ɗora takardar neman izinin sayar da maganin a teburinta. Ta ce shaidar da aka kawo ba ta gamsar da ita ba. Kamfanin da ya nema ya yi ta matsa mata lamba, ita kuma ta yi ta mayar da takardar tana neman ƙarin bayani, har labarin Jamus ya fito. A 1962 Shugaba Kennedy ya karrama ta, majalisar ƙasar kuma ta tsaurara dokar gwajin magunguna a wannan shekara. Ma'aikacin da ake zunɗe da cewa ya cika riƙe fayil, wani lokaci yana da dalili.

Ina tagwaye suka shigo? Thalidomide yana da kabon guda mai riƙe da abu huɗu mabambanta, kuma a gauraye aka sayar da shi. A ƙarshen shekarun 1970 masana a Jamus suka raba tagwayen suka gwada a kan ɓeraye, suka ba da rahoton cewa nau'in R shi ke sa barci, nau'in S shi ke lalata ɗan tayi. Daga nan labarin ya shiga littattafan makaranta cewa da an sayar da R shi kaɗai, da ba a yi asarar ba. Labarin yana da daɗin bayarwa a aji, amma bai cika ba. Bincike na baya ya nuna cewa da zarar thalidomide ya shiga jini, R yana rikiɗa ya koma S, S ya koma R, cikin 'yan sa'o'i. Ko tsantsar R aka ba mace, jikinta zai ƙera mata S. Babban laifin shi ne an saki magani ga masu ciki ba a tabbatar da abin da yake yi wa ɗan tayi ba. Abin da ilimin tagwaye ya ƙara shi ne wata tambaya da tilas a amsa kafin a ba kowane magani izini: me kowane hannu yake yi, kuma yana tsayawa a yadda aka ba da shi?

Maganin bai mutu ba. An gano yana kwantar da wani kumburi mai raɗaɗi da ke damun masu cutar kuturta, yana kuma aiki a kan wani nau'in sankarar ɓargo, don haka aka dawo da shi bisa tsauraran sharuɗɗa. Duk da haka, a Barazil, inda ake amfani da shi sosai saboda kuturta, an sake haihuwar jarirai da wannan nakasa.

Abin da ke rubuce a kwalin magani

A 1992 hukumar nan ta Amurka, takwarar NAFDAC ta nan gida, ta fitar da ƙa'idar cewa duk kamfanin da ya kawo sabon magani mai tagwaye sai ya yi bayanin aikin kowanne. Tun daga nan sababbin magunguna da yawa hannu ɗaya ake fitar da su. Hanyar yin haka ma ta samu. William Knowles, ma'aikacin kamfanin Monsanto, ya gano yadda za a tilasta wa tukunyar masana'anta ta fi fitar da hannu ɗaya, aka yi amfani da dabarar wajen haɗa L-dopa, maganin cutar makyarkyata ta Parkinson. Ya raba kyautar Nobel ta 2001 da Ryoji Noyori na Japan da Barry Sharpless na Amurka. Kyautar 2021 ma a wannan fage aka ba da ita.

Mai shiga kantin magani zai ga sawun wannan tarihi a farkon sunaye. Inda aka ga levo, ko dex, ko es, ko harafin S a gaban sunan da aka sani, galibi hannu ɗaya ne aka ware daga tsohon gauraye. Levofloxacin rabin ofloxacin ne, rabin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Levocetirizine na atishawa da ƙaiƙayi rabin cetirizine ne, shi ya sa miligiram 5 ɗinsa ke tsayawa a madadin 10 na wancan. S-amlodipine na hawan jini miligiram 2.5 yana daidai da amlodipine miligiram 5. Wannan na ƙarshen abin lura ne, domin masu hawan jini da yawa da kansu suke sabunta maganinsu. Wanda likita ya rubuta wa amlodipine 5, yaron kanti ya miƙo masa S-amlodipine 5 yana cewa ai duk ɗaya ne, to ninki biyu ya sha.

Ba kowane warewa ba ne ke da fa'idar da ta kai kuɗinta. Esomeprazole na gyambon ciki ya fito ne daidai lokacin da haƙƙin mallakar omeprazole ke ƙarewa, wato lokacin da wasu kamfanoni za su fara yin na araha, kuma likitoci sun daɗe suna jayayya kan ko bambancin aikinsu ya kai bambancin farashinsu. 'Yan kasuwa ba sa buƙatar a fassara musu wannan dabara. Akwai kuma inda gaurayen bai da matsala: ibuprofen nau'in S ne ke kashe ciwo, amma jiki yana juya wani kaso na R ya mayar da shi S. A ɗaya gefen ga dextromethorphan, wanda ke cikin magungunan tari da yawa. Tagwayensa, levomethorphan, ɗan gidan su kodin ne mai ƙarfin gaske, yana cikin jerin ƙwayoyin da dokar duniya ta sa wa takunkumi.

Tuwo da auduga, mai da kitse

Ba duka sitiriyo-aisoma ne hoton juna a madubi ba. In molakul yana da kabon masu hannu da yawa, aka juya wasu aka bar wasu, sai a samu 'yan'uwa da ba tagwaye ba, kuma su halayensu kan bambanta a fili. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, da quinidine, wanda aka fi sani da daidaita bugun zuciya, daga ɓawon itace ɗaya ake samun su a asali, kuma wuri biyu kacal suka saɓa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne tuwo da auduga. Sitacin da ke cikin masara da dawa sarƙa ce ta gulukos. Zaren auduga da karan dawa su ma sarƙar gulukos ce. A sitaci mahaɗar tana kallon ƙasa, a auduga tana kallon sama. Cikin ɗan Adam yana da almakashin yanka ta farko, bai da na ta biyu. Saniya ma ba ta da shi, ƙwayoyin halittar da ke tumbinta ne ke yi mata aikin.

Nau'i na ƙarshe ba ya buƙatar madubi ko kaɗan. Wani lokaci zarrar kabon biyu sukan riƙe juna da hannu bibbiyu. Katako biyu da aka haɗa da ƙusa ɗaya suna juyawa, in aka buga ta biyu sun kafe. To, in sauran sassan molakul ɗin suka kafe a gefe ɗaya, ana ce masa “sis”, yakan fito a lanƙwashe. In suka kafe ɗaya nan ɗaya can, ana ce masa “tirans”, yakan fito a miƙe. Da wannan sauyi mai karatu yake ganin rubutun nan. A bayan ido akwai wani sinadari da jiki ke yi daga bitamin A, yana zaune a lanƙwashe. Haske na taɓa shi sai ya miƙe, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa tiriliyan na daƙiƙa, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, sannan jiki ya sake lanƙwasa shi. Wanda bitamin A ya yi wa ƙaranci, dundumi ne ke fara kama shi.

A kasko kuwa sauyin ba alheri ba ne. Babban sinadarin man gyaɗa da man zaitun nau'in sis ne. Saboda lanƙwasarsa, molakul ɗin ba sa jeruwa su matse, shi ya sa man yake ruwa, sai sanyi ya sauko wajen digiri 13 tsantsarsa ke daskarewa. Ɗan'uwansa na tirans, mai zarra iri ɗaya da jeri ɗaya, yana jeruwa kamar itacen da aka ɗaure, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 40. Tun farkon ƙarni na 20 masana'antu suka koyi hura wa man tsirrai iskar haidurojin don ya yi kauri, ya daɗe bai yi ɗaci ba, a yi botar gwangwani da man burodi da biskit da kek. A cikin wannan aiki wani kaso na man yakan juye daga sis zuwa tirans. Ana samun ɗan kaɗan nasa a madara da naman dabbobi masu tuƙa, man da aka yi ta maimaita suya da shi ma yakan haifar da kaɗan, amma na masana'anta shi ne babba. Yana ƙara mugun kolestarol a jini, yana rage mai amfani, yana toshe hanyoyin jinin zuciya.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da kitsen tirans na masana'anta daga abincin duniya. A 2023 Najeriya ta zama ƙasa ta biyu a Afirka, bayan Afirka ta Kudu, da ta kafa doka mai tsauri a kansa: kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai ko kitse. NAFDAC ce ke da alhakin tabbatar da ita. Wahalar tana wajen man da ake sayarwa a buɗe, a bokiti ko a leda, babu kwali babu rubutu, wanda masu gidan burodi da masu suya ke saye saboda araha. Launi da ƙamshi da ɗanɗano ba sa nuna yawan tirans ɗin da ke ciki. Dillalin da ke shigo da irin wannan kaya, ko mai gidan burodin da ke saye buhu-buhu, takardar awon ɗakin gwaji ce kaɗai za ta gaya masa abin da ya saya.